Man Gas Ya Shiga Rijiyarmu, Mazan Gari Kuma Sun Rantse Ba Za Su Faɗa Ba

Gwaggo Safinatu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma duk faɗin garinmu babu wanda zan iya buɗe wa baki. Na daɗe ina karanta filin nan naki a waya, ina jin matsalolin mutane kamar labarin rediyo, ban san wata rana ni ma zan shigo layi ba. Ina roƙonki kada ki fito da sunana ko sunan ƙauyenmu. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su.

Ni haifaffiyar Bodinga ce, mahaifiyata tana can har yanzu, aure ya kawo ni wani ƙauye na ƙasar Shagari da ke bakin babban titi. Mijina Maniru manomin albasa ne a fadama, ni kuma ina sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Ɗiyarmu ɗaya ce, Nana Hauwa, ko makaranta ba ta isa shiga ba. Ba mu da wani abin hannu, amma muna cikin rufin asiri, kuma ban taɓa tunanin ruwan sha zai zama abin da zan yi kuka a kansa ba. Rijiyar unguwarmu tana bakin fadama, ba ta da zurfi, ruwanta sanyi da daɗi, har baƙi na yaba shi.

Bayan an gama dashen albasa na bana, wata safiya ina cikin ɗora kasko sai muka ji ƙara mai ƙarfi daga kwanar da ke saman fadama. Tankar mai ce ta kwanta ta gefe, cikinta ya tsage. Man gas ta ɗauko, irin wanda manyan motoci da injin niƙa ke sha. Allah ya tsare wuta ba ta tashi ba, direban ma an kwashe shi da ransa zuwa asibiti. Amma mai ya yi ta kwarara cikin kwarin da ke gefen titi kamar ruwan indararo. Nan da nan gari ya tashi. Masu jarka, masu bokiti, masu tulu, har da wata tsohuwa da butar alwalarta. Maniru ma ya je, ba zan ɓoye miki ba. Ya dawo da jarkoki, riga jiƙe sharkaf, yana murmushi kamar wanda aka ba kujerar Makka. Kusan babu gidan da man nan bai shiga ba, daga baya aka sayar wa masu injin niƙa da direbobi.

Washegari wani mutum ya zo cikin farar mota, ya ce shi wakilin masu tankar ne. Ya zauna da mai gari, Baffa Sama'ila, wanda ƙanen mahaifin Maniru ne. Abin da maza suka kawo mana gida shi ne, mutumin ya yi magana mai daɗi ƙwarai. Wai kamfaninsu ba ya son tashin hankali, ya yafe man da aka kwasa. Sai dai ya nuna musu hotuna a wayarsa, ga fuskar kowa da jarkarsa, ya ce idan magana ta kai kunnen hukuma babu yadda zai yi, za a zo a kwashe mazan gari kaf. Saboda haka a share wurin, a bar zancen a nan, shi zai aiko da tifar yashi. Gwaggo, godiya suka yi ta yi masa. Har zabi aka kama aka sa masa a mota.

To a nan ne aka yi abin da ya kashe mu. Wanda bai san noman albasa ba sai na ɗan yi masa bayani. Idan taki ya yi wa fangali, wato ɗan filin da ake dasa ta a ciki, yawa ya fara ƙona albasa, maganinsa ruwa ne. A sake mata ruwa sosai ya wanke ƙarfin takin ya tafi da shi ƙasa, sai ta farfaɗo. Kowane manomi a nan ya tashi da sanin haka. Sai mazan suka ce ai mai ma haka za a yi masa. Aka kira gayya. Kowa ya ɗauko injin ban-ruwansa da mesarsa, aka jera su a bakin kwarin, aka yini ana sakin ruwa a kan man da ya rage. Ni na dama kokon gayyar da hannuna. Ina tsaye ina kallon ruwan yana gangarawa da kumfa da maiƙo, yana bin hanyar da ruwan sama ke bi, ya nufi fadama inda rijiyoyi suke. Babu wanda ya hana, domin a idonmu aikin tsafta ake yi. Da tifa ta zo aka baza yashi a kai, wuri ya yi fes. Maza suka dawo suna yabon kansu, wai ko gwamnati ba za ta yi aikin da ya fi wannan ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, Baffa Sama'ila ya tara magidanta a zaurensa. Aka kawo Alƙur'ani, kowa ya ɗora hannu ya rantse ba zai gaya wa wani baƙo zancen man ba, ko ma'aikaci ne ko ɗan'uwa na wani gari. Mu mata ba a kira mu ba. Ina jin ba a ɗauka muna da inda za mu kai magana ba.

An ɗan jima shiru, har na fara mantawa. Sai wata rana na buɗe randa na ji wari ya daki hancina. Na leƙa, na ga wani abu mai launi-launi yana yawo a saman ruwan. Na wanke randar, na sake ɗebowa, haka dai. Na tace da ƙyalle, na jefa gawayi, na tafasa, warin yana nan. Masu sayen koko suka fara tsokanata, wai ko a cikin injin niƙa nake damawa. Daga baya tsokanar ta tsaya, su ma suka daina zuwa, kuma babu wanda ya tambaye ni dalili, domin kowa yana da irin randar nan a gidansa. Mai gari ya sa aka yashe rijiyar. Da ta sake kawo ruwa, warin ya fi na da.

Albasa ma ta bi baya. Wadda ke ƙasan kwarin ganyenta ya yi ruwan ɗorawa ya kwanta, idan ka tuge sai ka tarar da gindin ya ruɓe. Gonar Maniru tana cikinsu. Ka ji manoma a dandali suna gardama, wannan ya ce tsutsa ce, wancan ya ce iri ne ba shi da kyau, ana ta feshin magani. Kowa a garin nan ya zama malamin cututtukan albasa, saboda sunan cutar na gaskiya an rantse a kansa. Wallahi wani lokaci abin dariya yake ba ni, sai in tuna ba abin dariya ba ne.

Duk wannan da na jure. Nana Hauwa ce ta sa na rubuto miki. Ta fara da gudawa da amai, sai ƙuraje suka feso mata a wuya da hannuwa. Yarinyar da ke hana ni sakat da surutu yanzu sai ta yini kwance a tabarma tana kallona. Mun kai ta ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar ta duba ta, ta tambaye ni wane ruwa take sha. Maniru yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. Na ce ruwan rijiya, daga nan na ja bakina. Aka ba mu maganin gudawa da na shafawa, aka ce in riƙa tafasa ruwa. Na ce to. Ta ɗan samu sauƙi, abin ya sake dawowa.

Kada ki ce me ya sa ba mu bar rijiyar ba. Akwai burtsatse a wani ƙauye can gaba, Maniru yana zuwa a babur ya ɗauko mana idan yana da man zuwa. Amma gari guda ne ya koma can, layi har ya zagaye, mutanen wurin kuma sun fara tambayar abin da ya samu rijiyarmu, namu suna cewa ƙafewa ta yi. Abin da zai kawo ina ɓoye wa yarinya don shanta, amma ba ya kaiwa. Wanka da wanki da girki duk da na rijiya muke yi. Ranar da babu man babur kuwa, sai in ɗebo na rijiyar in bar shi ya kwanta, in kwashe maiƙon da ludayi, in rufe ido in ba ta. Babu ranar da zan yi haka ban yi kuka ba.

Akwai kuma Atika, bafulatanar da ke kawo mini nono tun ina amarya. Rugarsu tana can ƙasa, shanunsu suna sha a tafkin da ruwan fadama ke taruwa. Ta zo kwanaki ta zauna a tsakar gidana, ta ce shanu suna ƙin ruwan, waɗanda ƙishi ya tilasta wa sha suna zawo, har ɗan maraƙi ya mutu. Ta ce su ma daga nan suke ɗiba. Ta tambaye ni ko na ji wani abu. Su makiyaya ba a kira su taron ba, ba a kuma gaya musu komai ba. Na dubi matar nan da ta yi mini wankan jego tare da dangin mijina, na ce ban sani ba. Da ta tashi tafiya ta nemi ruwan sha, na ce randa babu komai.

Na yi wa Maniru magana har na gaji. Gwaggo, ba mugu ba ne. Shi ma ya rame, yana zama kusa da yarinyar ya yi ta shafa kanta. Amma da na taɓo zancen kai rahoto sai ya ƙi. Ya ce ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani, idan ya karya zai ci shi. Ya ce idan hukuma ta zo, baffansa za a fara ɗaurewa, tsoho mai hawan jini, sannan shi, sannan sauran, to wa zai ciyar da gidaje? Ya ce idan aka gano ta bakin matarsa magana ta fita, bai san yadda za mu sake zama a garin nan ba. Bai furta kalmar saki ba, amma ni na ji ta.

Yanzu zafi ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Dattawa suna cewa a yi haƙuri, da damina ta sauka ruwa zai wanke komai. Ni kuwa na taɓa jin wannan maganar ta ruwa zai wanke, kuma na ga inda ta kai mu. Ina tsoron ruwan farko ya kwashi abin da ke ƙarƙashin yashin nan ya kai shi rafi, ya shiga rijiyoyin da suka rage.

Ban san ma wa ake gaya wa irin wannan ba. 'Yan sanda? Ƙaramar hukuma? Ko lokaci ya riga ya wuce? Idan na faɗa, za a kama mijina? Ni da ban rantse ba, ina da zunubi idan na tona abin da shi ya rantse a kai? Wani lokaci ina ganin ko na faɗa ko ban faɗa ba duk ɗaya ne. Rijiya ta riga ta mutu, albasa ta tafi, wa zai baro ofis ya zo ƙauye saboda mai koko? Sai dai in rasa aure in ƙara da baƙin jini. Amma idan na dubi ɗiyata sai in ji shirun nan yana shaƙe ni. Ki gaya mini gaskiya ko da mai ɗaci ce, na riga na saba da ɗanɗanon abin da ba ya haɗiyuwa.

Taki,
Mai koko, daga ƙasar Shagari

Wa alaikumus salam, 'yata mai koko.

Na karanta wasiƙarki na ajiye, na sake ɗauka. Kin nemi gaskiya, ita zan ba ki, kuma zan fara da abin da ba ya jiran kowa.

Daga yau Nana Hauwa ta daina shan ruwan rijiyar nan, a daina yi mata wanka da shi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne, ba ta raba ruwa da mai. Kwashe maiƙon sama da ludayi ma ba ya yi, domin akwai wanda ya riga ya narke a ciki, ido ba ya ganinsa. Tunda ruwan burtsatse ba ya isarku, ki ɗauki yarinyar ki kai ta wajen mahaifiyarki a Bodinga. Babu wanda zai zargi mace don ta kai ɗiya mara lafiya gida. Daga can ki wuce da ita babban asibiti, ki gaya wa likita komai: wane irin mai ne, tun yaushe take shan ruwan, me kika gani a jikinta. Wancan karon an ba ku maganin abin da kuka faɗa ne. Likita ba boka ba ne, da abin da aka gaya masa yake aiki.

Yanzu ga abin da mutumin farar mota bai gaya wa mazanku ba. A dokar ƙasar nan, idan mai ya malale, nauyin kai rahoto yana kan wanda malalar ta fito daga hannunsa, wato masu man da masu ɗaukarsa. Doka ta ba su sa'o'i ashirin da huɗu su sanar da NOSDRA, hukumar tarayya da ke kula da malalar mai, kuma akwai tara a kan kowace ranar da suka yi jinkiri. Tsaftace wurin yadda masana suka tsara ma a wuyansu yake. To ki duba da kyau. Mutumin da ke da wannan nauyi a kansa ya zo ya nuna wa mutane hotunansu, ya ba su yashi, ya ce su yi shiru. Mazan garinku sun ɗauka asirinsu suka rufa da rantsuwar nan, alhali nasa suka rufa, har suka ƙara masa da zabi.

Kin tambaya ko lokaci ya wuce. Wa'adin da na ambata nasu ne, ba naku ba. Duk wanda abin ya shafa yana da damar kai ƙorafi, ko yau ko gobe. Ƙofar da ta fi kusa da ke ita ce ta duba-gari, a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, domin ruwan sha aikinsu ne. Sai ma'aikatar muhalli ta jiha a Sakkwato, sai NOSDRA ɗin kanta. Da wani sinadari ne mai guba ba mai ba, akwai hukumar NESREA. A gaya musu inda abin ya faru, lokacin, irin man, rijiyoyi da tafkin da ya shafa. A kuma faɗi cewa an wanke da ruwa an rufe da yashi, kada a ɓoye wannan, domin shi zai nuna musu inda za su bi sawun man. Ki ɗebi ruwan rijiyar a kwalba mai tsafta ki toshe, ki ɗauki hoton maiƙon da na albasar, ki adana katin asibiti. Kada kowa ya tone yashin, kada a kusanto da wuta, kuma don Allah kada a sake wata gayyar wanki.

Sai dai ba zan yi wa mazan rashin adalci ba. Wankin da suka yi ba mugunta ba ce. Sun yi wa mai abin da suka san yana yi wa taki ne, kuma babu wanda ya tsaya ya gaya musu cewa ruwa ba ya kashe mai, ɗaukarsa yake yi ya kai shi gaba. Wanda ya kamata ya san haka shi ne ya ce a share wurin. Tsoronsu ma ba na banza ba ne. Kwasar mai daga tankar da ta faɗi laifi ne, ganganci ne kuma da rai, ku gode wa Allah da wuta ba ta tashi ba. Ba zan yi miki alƙawarin cewa babu wanda za a kira a yi wa tambayoyi ba. Shi ya sa ya fi kyau rahoton ya fito daga bakin mai gari da kansa, ta hannun hakimi, kuma kafin nan a nemi lauya, akwai masu taimaka wa marasa ƙarfi kyauta a Sakkwato. Mutanen da suka kawo kansu suna neman a ceci ruwan shansu ba ɗaya suke da waɗanda aka zo aka bankaɗo ba. Kuma za a bankaɗo, 'yata. Gari guda ba ya komawa burtsatsen maƙwabta a ɓoye, shanu kuma ba su san an yi taro a zaure ba.

Game da rantsuwa, ni ba malama ba ce, amma abin da na koya wajen malamai shi ne, wanda ya rantse a kan wani abu sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya yi abin da ya fi alherin ya yi kaffara. Rantsuwar da riƙe ta ke cutar da yara da maƙwabta tana cikin irin wannan. Kada ki tsaya a maganata. Ki sa mahaifiyarki ko wani babba na gidanku ya raka Maniru wajen malamin da ya yarda da shi, wanda ba ya cikin taron nan, ya ji da kunnensa. Ina kyautata zaton mutumin da ke zama yana shafa kan ɗiyarsa ƙofar fita yake nema, ba a nuna masa ita ba ne. Idan ya samu natsuwa, shi ya fi dacewa ya tunkari baffansa. Ke kuwa ba ki rantse ba, babu kaffara a kanki. Amma kada ki yi komai a bayan idonsa. Ki gaya masa cikin ladabi, ba tare da gori ba, cewa za ki kai yarinya asibiti kuma ba za ki ɓoye wa likita komai ba. Ya ji daga bakinki ya fi ya ji a dandali.

Atika kuma ba sai an jira hukuma ba. Ki aika mata ko ki je da kanki, ki ce su janye shanu da yaransu daga tafkin, ruwan ya gurɓace da mai. Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne. Idan suka gano daga baya cewa kun sani kuka bar su suna sha, abin da zai biyo baya tsakanin gari da ruga zai fi zuwan hukuma muni.

Ga mai ɗacin da kika ce in faɗa. Kai rahoto ba zai dawo miki da rijiyarki bana ba, wataƙila har baɗi da bayanta. Man da ya shiga ƙasa yana daɗewa, wata rijiyar ma sai dai a rufe ta a haƙa wata nesa. Albasar bana ta tafi. Neman diyya hanya ce mai tsawo, ana iya yin ta zarya, ba kowa ke kai ƙarshenta ba. Yana yiwuwa wasu a garin su juya miki baya, kuma ba zan iya rantse miki cewa aurenki ba zai girgiza ba. Duk wannan na auna kafin in ce miki ki yi magana. Abin da rahoto zai iya yi shi ne a gwada ruwan a san rijiyar da ta mutu da wadda ta rage, a kwashe ƙasar da ke riƙe da man kafin ruwan sama ya yi mata tasa gayyar, a kuma tilasta wa masu tankar ɗaukar nauyinsu. Kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da kuka rasa, amma shiru ko wannan kaɗan ɗin ba zai ba ku ba. Hadarin da kike hangowa daga gabas shi ne wa'adinku na gaskiya.

Kin ce ba a kira mata zauren ba saboda an ɗauka ba ku da inda za ku kai magana. Wannan rainin ne ya bar ki da baki a buɗe a garin da kowa ya ɗaure nasa. Na san nauyi ne babba a kan mace ɗaya mai kasko da ludayi, ban kuma ji daɗin ɗora miki shi ba. Amma ban ga wani da zai ɗauka ba.

Gobe da safe kada ki hura wutar ƙosai. Ki goya Nana Hauwa, ki sa kwalbar ruwan a jaka, ki kama hanyar Bodinga. Idan Maniru ya ce zai raka ki, ki bar shi ya tsaya a bayanki kamar wancan karon. Likita zai sake tambayarki wane ruwa take sha. Wannan karon ki ƙarasa maganar.

Allah ya ba Nana Hauwa lafiya, ya dawo mata da surutunta. Allah ya sanyaya zuciyar Maniru, ya tsare miki aurenki, ya musanya wa garinku da ruwa mai daɗi.

Gwaggonki,
Safinatu